Tambaya da Amsa: Aikin ciki ne, me ya haɗa shi da huhu?

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. An turo mu daga Tawa zuwa Yamai don a yi wa babana, mai shekara 68, babban aiki a saman ciki. Likitan da ke sa barci ya ɗage ranar saboda tari da zazzaɓin da Baba ya yi mako biyu da suka wuce, wai yana tsoron numfashi ya gaza bayan aikin. Ciki za a fiɗe, ina ruwan huhu? Daga wata baiwar Allah, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Likitan ya yi daidai. Akwai faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita ke yin mafi yawan aikin jan numfashi. In aka yi yanka sama da cibiya sai ta yi rauni na ƴan kwanaki. Ga zafin rauni ya hana mutum jan iska sosai, ya hana shi tari. Sai ƙasan huhu ya lafe, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Maganin barci kansa yana lafar da wani sashe na huhu, magungunan kashe zafi irin su morfin kuma suna rage saurin numfashi. Abin da muke gudu shi ne a kasa raba majinyaci da injin numfashi bayan awa 48, ko a cire bututu sannan dole a mayar.

Ba da ka ake auna wannan haɗari ba. Akwai ma'aunin ARISCAT da aka fitar a Sifen a 2010 don auna haɗarin matsalar huhu bayan aiki, mai duba abu bakwai yana ba kowanne maki. Shekara 51 zuwa 80 maki 3 ne, sama da 80 maki 16. Iskar oksijin da ƴar na'urar yatsa ke nunawa, in 91 zuwa 95 ce maki 8, in 90 ko ƙasa maki 24. Ciwon hanyar numfashi cikin wata ɗaya kafin aiki, 17. Ƙarancin jini, wato emogulobin 10 ko ƙasa, 11. Yankan saman ciki 15, na ƙirji 24. Aikin awa 2 zuwa 3 maki 16, wanda ya wuce haka 23. Na gaggawa, 8. Ƙasa da 26 haɗarin kaɗan ne, 26 zuwa 44 matsakaici, daga 45 babba.

Mu lissafa na Baba, a ce aikin zai ci awa biyu da rabi: 3 da 17 da 15 da 16, ya tashi 51. In tarin ya warke wata ya zagayo, ya sauko 34. A binciken farko, kusan 42 cikin 100 na rukunin sama sun samu matsalar huhu, na tsakiya kuwa kusan 13. Shekaru da wurin yanka ba su canzuwa, amma tari da ƙarancin jini ana iya gyara su, shi ya sa aka ce ku jira. In dai ciwon ba mai jira ba ne, kamar toshewar hanji, to a nan ba a ɗagewa.

Ma'aunin bai san ƙasarmu ba, don haka ku faɗa wa likita abin da bai ƙirga ba: taba, tsohon tarin fuka ko da ya warke, asma, sikila, minsharin da numfashi ke ɗaukewa, rama mai yawa, da shekarun shaƙar hayaƙin itace. Mai shan taba ya bari tun yau. Barinta mako 4 zuwa 8 kafin aiki ya fi amfani. Ku kuma tambaya ko an tanadi gado a reyanimasiyo, wato ɗakin kulawa ta musamman, da oksijin.

Bayan aiki a ɗaga kan gado kamar digiri 30. Kowace awa in yana farke ya ja dogon numfashi sau goma, ya dafe rauni da matashi ya yi tari. Ya tashi zaune, ya taka da zarar an ba da izini. Kada ya ɓoye zafi don dauriya, wanda ke jin zafi ba ya cika huhunsa. Kwana ukun farko mai jinya ya sa ido: numfashi ya wuce 30 a minti, na'urar yatsa ta sauka ƙasa da 90, ruɗewa, barcin da ake wahalar tashinsa, ko kasa ƙarasa magana. Ko ɗaya kika gani, kira ma'aikacin jinya nan take, ko da tsakar dare ne.