Amsa: Mega 8 amma bidiyo na tsayawa

Malam, ka ce gwajin gudun intanet ɗinka ya nuna mega 8 a sakan amma bidiyo sai tsayawa yake yi, kana tambaya ko gudun ne bai isa ba. Wallahi mega 8 ba kaɗan ba ne. YouTube da kansu sun ce bidiyo mai ingancin hoto 720p mega 2.5 yake buƙata, 1080p kuwa 5. 4K ne mai cin 20, shi kuma a ƙaramin allon waya da wuya ka ga bambancinsa.

Abin dubawa shi ne yaushe ka yi gwajin. Ni nan Yamai, unguwar Lazare, da hantsi fast.com, shafin gwada gudun intanet, na ba ni lamba mai kyau. Amma bayan sallar isha'i, da kowa ya baje tabarma a tsakar gida ya kama waya, sai zoben nan ya yi ta juyawa tsakiyar allo, don duk unguwa eriya ɗaya muke rabawa. Saboda haka ka sake gwadawa daidai lokacin da kake kallo, a ɗakin da kake zama, bayan ka cire wayoyin yara daga wifi ɗin.

Kada dai ka yawaita gwajin, shi ma yana shan forfe sosai. In dare ya yi, mayar da bidiyon 480p, mega ɗaya da ɗan abu ya ishe shi.