Batman ɗan sandan ciki ne ko mai bin diddigi?

Wata malamar firamare daga Zariya ta rubuto: "Malam, ɗalibaina sun kamu da mujallun zane na Batman. Na ji ana cewa shi gwanin gano masu laifi ne. In ce musu ɗan sandan ciki ne? Kuma akwai karin maganar da ta dace da aikinsa?"

Malama, ɗan sandan ciki bai zauna masa ba. Ɗan sandan ciki ma'aikacin hukuma ne da ya tuɓe kaki ya saje da jama'a, yana da albashi, yana da oga. Shi kuwa Batman, wanda sunansa na gaskiya Bruce Wayne, attajiri ne da ya ɗora wa kansa aikin bayan an kashe iyayensa a gabansa yana yaro. Ɗan sandan labarin shi ne Kwamishina Gordon na birnin Gotham, wanda suka fara fitowa tare da Batman a mujallar Detective Comics ta 27, a 1939 a Amurka. Bob Kane da Bill Finger ne suka ƙirƙiro Batman. Kalmar farko ta sunan mujallar ma ita ce wadda kike nema wa Hausa.

Ni da "mai bin diddigi" zan kira shi. Diddige dai dunduniya ce, kin ga hoton ya fito: mutum ya sunkuya yana duba inda ƙafa ta taka, kamar masu bin sawun shanun sata, har sawun ya kai shi ƙofar gida. "Mai bincike" ma Hausa ce, amma ta yi faɗi, don ɗalibin jami'a ma bincike yake yi. "Mai ƙwaƙƙwafi" kuma kada ki kusance ta, ta fi kama da maƙwabciyar da ke son sanin abin da aka dafa a gidan wasu.

Karin magana kuwa, kowa zai yi saurin kawo "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya". Ba laifi, sai dai wannan magana ce ta haƙuri, ta mai jiran ranarsa. Batman ba ya jira.

Wadda ta fi ita ce "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as". "As" sautin korar kaji ne. Wanda ya saci kaza ya cusa a aljihu, da ya ji wani ya ce as, ko da wata kazar ake yi, gabansa zai faɗi, don ya san tasa na iya motsawa ta tona shi. A fitowa ta 33 ta mujallar, inda aka ba da asalin Batman, Bruce yana zaune yana tunanin cewa masu laifi matsorata ne masu camfi, sai jemage ya faɗo ta taga, ya ce to, siffar da zai ɗauka ke nan. Wato baƙar rigar nan da kunnuwanta "as" ce kawai, ya furta ya tsaya ya ga wanda zai dafe aljihu.

Ki gwada ta a aji ranar da alli ya ɓace.