Na ƙera inji, wani ya kwaikwaya: akwai takardar da za ta tsare mini haƙƙina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni mai walda ne a wani ƙauye kusa da Gujungu, ƙaramar hukumar Taura. Na ƙera injin ɓare gyaɗa wanda ba ya farfasa ƙwaya, domin robar tsohuwar taya na ɗaura wa gangar da ke murza gyaɗar maimakon ƙarfe. Na sayar da su da dama a kakar bara. Bana sai wani ya sayi ɗaya, ya kwance shi, yana buga irinsa yana karya farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ce akwai takardar gwamnati da ke hana haka. Yaya ake samunta? Akwai kuma wani gyara da na yi wa injin, ban nuna wa kowa ba tukuna. Sannan ɗana ya rubuta manhajar waya ta lissafin bashin 'yan kasuwa, yayata kuma tana haɗa maganin ƙwarin wake da 'ya'yan darbejiya. Su ma za su iya samu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Takardar akwai ta, ita ce takardar mallakar ƙirƙira, lauyoyi na ce mata fatent. Amma gara in fara da mai ɗacin: injin da ka riga ka sayar bara, da wuya ta tsare maka shi. Gyaran nan da ba ka nuna wa kowa ba, a nan rabonka yake. Daga yau har ranar da za ka shigar da takardunka, kada ka bar shi a bakin shago inda masu jiran waldar garma za su kewaye shi suna kallo, kada kuma yaro ya ɗauke shi a waya ya sa a Facebook.

Ga dalili. Dokar da ke aiki a Najeriya kan wannan lamari ta 1970 ce, kuma abin da ta tsara ciniki ne tsakaninka da hukuma. Kai za ka bayyana yadda abin yake dalla-dalla, har wani gwanin sana'ar ya iya karantawa ya ƙera. Ita kuma za ta ba ka ikon hana kowa ƙera shi, ko sayar da shi, ko shigo da shi daga waje don kasuwanci, na tsawon shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata. Bayan nan ya zama na kowa. Sharuɗɗanta uku: abin ya zama sabo, ya zama akwai dabara a cikinsa wadda ba kowane mai sana'ar ne za ta faɗo wa haka nan ba, kuma a iya sarrafa shi a yi aiki da shi a masana'anta ko gona.

Na farkon shi ke kayar da mutanenmu. Sabo a wurin doka yana nufin ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina cikin duniya, a kowane zamani, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi, kafin ranar da aka shigar da buƙata. Dokar ba ta ware wanda ya ƙirƙira ba. Ranar da ka ɗora injin a kan a-kori-kura ka kai shi kasuwar Gujungu, manoma suka leƙa cikinsa, wani ya biya ya tafi da shi, kai da hannunka ka mayar da shi sananne. Rangwame ɗaya ne a dokar: wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi yana da wata shida ya shigar da buƙata. Ranar kasuwa ba ta cikin wannan. Ko da ma ba ka sayar ba, akwai wata matsalar, domin injin ɓare gyaɗa mai robar taya an ƙera shi an yi rubutu a kansa a ƙasar Tailan shekaru da dama da suka wuce. Na yarda ba ka taɓa ganinsa ba, basirarka ce ta kai ka can, amma doka ba ta tambayar ko ka sani.

Wani zai ce maka ka je Abuja kawai, za su ba ka. Mai yiwuwa su ba ka ɗin, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Ofishin rajistar, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, ba ya binciken ko abin sabo ne. Abin da magatakarda ke dubawa shi ne takardu sun cika, ƙirƙira ɗaya ce a ciki, an biya kuɗi. Dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana bayar da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, kasadar tana wuyan mai ita. A Amurka ko Turai akwai ma'aikatan da ke tona tsofaffin takardu su yi ta jayayya da kai kafin su sa hannu. A nan sai ranar da ka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, a Dutse ko Kano, sannan za a gwada ƙarfin takardar. Lauyan wancan zai kawo manomi ɗaya ya ce ya sayi injin a hannunka tun kafin ranar rajista, kotu ta soke ta, kuɗinka sun tafi. Ni ba na ba kowa shawarar sayen takardar da ba za ta iya tsayuwa gaban alƙali ba, sai dai in ado yake so a bangon shago.

To, mu koma kan sabon gyaran. Ka fara da bincike, kyauta ne. Ɗanka ya buɗe Google Patents ko Espacenet, shafukan intanet da ke tara takardun ƙirƙira na duniya, a waya, ya nemi injinan ɓare gyaɗa, ku zauna ku duba zane-zanen tare, ko Turancin bai shiga ba zane zai yi maka magana. In ba ku ga irin naka ba, sai a rubuta bayani, a yi zane mai lambobi a kan kowane sashe, sannan a rubuta iƙirari, wato jimlolin da ke fayyace ainihin abin da kake cewa naka ne. Iƙirarin nan kamar iyakar gona yake: in ka shata ta har cikin gonar maƙwabci za a tuge, in ka matse ta da yawa ka bar wa wasu ƙasarka. Mu ɗauka gyaran naka wata hanya ce ta daidaita tazarar da ke tsakanin ganga da rariya, yadda ƙananan ƙwaya da manya za su wuce ba fashewa. In ka rubuta cewa naka shi ne injin ɓare gyaɗa mai roba, ka haɗa da abin da duniya ta riga ta sani. In kuma ka rubuta cewa noti ne mai inci kaza a gefen dama, gobe wancan zai sa nasa a hagu ya ce ba iri ɗaya ba ne. Gwanintar ita ce a kama dabarar kanta, yadda sassan ke aiki da juna. Shi ya sa a wannan gaɓar ake neman wanda ya iya. Hukumar NOTAP da ke Abuja tana taimaka wa 'yan ƙasa masu ƙirƙira wajen tsara takardu da shigar da su, ta kuma buɗe ofisoshin wannan aiki a jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama.

Kada ka yi nawa. A dokarmu haƙƙin na wanda ya riga shigar da buƙata ne, ko da ba shi ya fara tunanin ba. In sata aka yi maka kana da hanyar ƙwatowa, amma sai da hujja, don haka ka tanadi littafi kana rubuta kwanan wata da zanen kowane mataki. Duk wanda ya zama dole ya gani, mai juya ƙarfe ko mai zuba jari, ya sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri. Ka sani kuma ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, in aka daina takardar ta mutu, bayan rangwamen wata shida. Kuma babu ɗan sandan da zai zaga shaguna yana duba maka. Kai ne mai gadi, kai ne mai kai ƙara.

Tunda kuna kusa da iyaka, ga wani abu. Takardar Najeriya a Najeriya ta tsaya. Wanda ya tsallaka Maigatari ya buga injinka a Damagaram ya sayar a can bai taɓa dokarmu ba, sai in ya shigo da shi. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda takardarta ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, Najeriya kuwa ba ta ciki. Yarjejeniyar Faris, wadda ƙasashe suka ƙulla kan irin wannan haƙƙi, ta ba ka wata 12 daga ranar shigarwarka ta farko ka nema a wata ƙasa da wannan kwanan watan. Wannan tsayawa a iyaka ba ƙaramin abu ba ne a tarihi: saboda Indiya ba ta bayar da irin wannan kariya a kan ƙwayar magani ba sai 2005, kamfanin Cipla na ƙasar ya iya tayin maganin ƙanjamau a kan dala 350 a shekara a 2001, lokacin da ake sayar da shi sama da dala 10,000.

Maganar yayarka, darbejiya ta riga ta je kotu. A 1994 ofishin takardun ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda a kan maganin cutar shuka daga man darbejiya. Mutanen Indiya suka kawo shaidar cewa manomansu sun daɗe suna yi, aka soke ta a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Haka aka yi da kurkum, wanda aka ba wasu takarda a Amurka a 1995 don warkar da rauni, aka soke a 1997. Abin da kakanni suka sani ba ya zama mallakar mutum ɗaya, ko kamfanin waje ne ko Hajiya yayarka. Abin da ake iya karewa shi ne sabon haɗi ko sabuwar hanyar tacewa da aka auna aka nuna ta bambanta. Misalinsa Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar daga haɗin wani mai maganin gargajiya, cikinsa har da masoro da kanumfari da karan dafi. An yi yarjejeniya a rubuce da mai haɗin, aka yi gwaje-gwaje, aka samu takarda a Amurka a 1998. Duk da haka kamfanin da aka ba lasisi a 2002 ya durƙushe, maganin ya yi shekaru yana wuyar samu. In haɗin Hajiya yana da wani sirri da ba a gane shi da ido ko hanci, riƙe shi a ciki ya fi mata, haka Coca-Cola ke yi fiye da shekara 100. Amma kafin ta zuba a kwalba ta sayar, rajistar NAFDAC daban ce, kuma ita ce dole, tunda a kan abinci ake zubawa.

Ɗanka shi ya fi kowa sauƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kallon manhaja kamar rubutaccen littafi, kariyar na hawa kanta tun ranar da aka rubuta, ba sai da rajista ba, ko da yake ajiye shaida a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka yana da amfani. Wanda ya kwafi rubutun manhajar ya yi laifi. Wanda ya ga tunanin lissafin bashi ya zauna ya rubuta tasa bai yi ba. Takardar ƙirƙira a kan manhaja kuwa ko a Amurka, inda Amazon ya taɓa samu a 1999 a kan sayayya da latsawa ɗaya, Kotun Ƙoli ta ƙuntata ta a 2014, ta ce ɗora tsohon tsarin kasuwanci a kan kwamfuta bai isa ba.

Shi kuwa tsohon injin, ba a rasa abin yi ba. Ka ba shi suna da tambari, ka buga a farantin ƙarfe da lambar kowane inji, ka yi rajistar tambarin a wancan ofishi na Abuja, shekara bakwai ce ta farko, ana sabuntawa duk shekara 14. Wancan zai ci gaba da ƙera nasa, amma ba zai sa sunanka ba. Kuma ka dubi marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Dutse. Ƙaramar tukunya ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma, ruwan na ƙafewa yana janye zafi, yalo da tumatir su yi kwanaki ba su lalace ba. Sanyin randa kowa ya san shi tun kaka da kakanni. Abin da ya kai shi ga kyautar Rolex a 2000 shi ne ya sa magina tukwane suka yi dubbai, aka bi ƙauyukan Jigawa da su. A ganina kai ma a wannan injin abin da ke hannunka ke nan: kayan gyara a kusa, zuwa da kanka in inji ya tsaya ana tsakiyar kaka, da alkawarin gyara kyauta na watannin farko, wanda mai karya farashi da wuya ya iya ɗauka.