Kar ka sayar da sojojinka, kuma kar ka je wurin kafinta

Assalamu alaikum 'yan gida. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na fara rubuta amsa na goge har sau biyu, don abin ya fama mini tsohon ciwo. Ka ce ɗaki ɗaya gare ka, teburinka bai wuce santimita 90 a tsawo da 60 a faɗi ba, a kansa kake karatu, a kansa kake cin abinci, kuma duk littafin dokokin wasan yaƙi da ƙananan sojoji a kan tebur da ka buɗe sai ka tarar ana neman fili mai ƙafa 6 da 4. Har ka ce kana tunanin sayar da sojojin naka ka huta. Don girman Allah kar ka sayar. Kuma duk wanda ya ba ka shawarar a haɗa maka babban tebur mai naɗewa, ka saurari labarina tukuna.

Lokacin ina zaune a ciki da falo a Kaduna, gidan haya, ni da maiɗakina da yaronmu ɗaya. Wani yayana da ke aiki a Ingila ya taho mini da akwatunan sojojin roba masu tsayin milimita 28, mahaya da dakaru. Wata bakwai na yi ina musu fenti. Kullum bayan isha'i, idan yaro ya yi barci, in ɗauko buroshi, in an ɗauke wuta in kunna fitilar caji in jingina ta da gwangwanin madara. Akwai wani sarkin yaƙi da na yi wa koren alkyabba, dokinsa fari, da bakin tsinken sakace na ɗiga masa ido. Kwana huɗu na yi a kansa shi kaɗai. Da na gama rundunar sai na rasa inda zan jera ta, don teburin falonmu ko rabinsu ba ya ɗauka.

Shi ne na je wurin wani kafinta a unguwarmu. Na zana masa a takarda: allo biyu, kowanne ƙafa 3 da 4, a haɗa su a tsakiya yadda za su naɗe, da ƙafafun da ake cirewa, in an gama wasa in tura bayan kujera. Na ce masa filawud mai kauri nake so, na biya kuɗin mai kaurin lakadan, ban nemi ragi ba. Ya ce sati ɗaya. Sati bakwai ina sintiri. Yau ya je ɗaurin aure, gobe babu wuta, jibi yaron shagonsa ya gudu. Ranar da ya kawo, ya riga ya shafe shi da fenti, ban gane cewa siririn filawud ya sa ba, ƙafafun kuma ɗanyen katako, ƙarafan da ke riƙe tsakiyar da gajerun ƙusoshi ya kafa su. Damina ce, kafin sati biyu allon ya fara lanƙwasa. Na ga alamar, amma zumuɗi ya hana ni tsayawa.

Ranar Asabar abokin wasana ya taso takanas daga Zariya. Muka kwashe kujeru muka jingina da bango, muka shimfiɗa koren yadi, muka jera gidaje da bishiyoyi, sojoji sama da ɗari tsakanin nawa da nasa. A zagaye na biyu ya miƙa hannu zai auna nisan 'yan bakansa, ya ɗan dafa tsakiyar teburin. Ɗan dafawa kawai. Har yau ina jin ƙarar a kunnena: katako ya ce ƙas, sai tsakiyar ta rufta, komai ya gangaro ya haɗu a wuri ɗaya ya zube a kan siminti. Mashi ya karye, garkuwa ta ɓalle, fenti ya kankare. Yarona ya firgita ya fashe da kuka. Maiɗakina ba ta ce uffan ba, ta durƙusa tana tsintar kawuna da hannaye tana zubawa a murfin kwano. Sarkin yaƙin nan nawa a ƙarƙashin kujera muka same shi, dokin babu ƙafa biyu, allon ya murƙushe gefen fuskarsa. Abokina ya yi ta ba ni haƙuri, alhali shi ma nasa sun karye, kuma ba laifinsa ba ne.

Washegari na koma shagon da dokin a tafin hannuna. Ban je da faɗa ba, wallahi, so nake kawai ya ga abin da ya jawo. Ya karɓa, ya juya shi, ya yi dariya ya miƙa wa masu zama a bencinsa, ya ce, "Au, duk wannan tayar da jijiyar wuya a kan kayan wasan yara ne? Magidanci da kai?" Suka kwashe da dariya. Ko sisi bai mayar mini ba, ko "yi haƙuri" bai ce ba. Ruftawar teburin ba ta ƙona mini rai kamar wannan maganar ba. Na dawo gida na zuba komai a kwali na tura ƙarƙashin gado, na fi shekara ban buɗe ba. Har yanzu in hanya ta bi da ni ta gaban shagonsa sai in tsallaka titi. Na san ya kamata a ce na yafe tuni, ina dai roƙon Allah ya sanyaya mini.

To, abin da ya dawo da ni wasa shi ne tayil. Ina kallon daɓen falon wani abokina sai na tuna tayil ɗin nan na zamani santimita 60 ne kowane gefe, kuma daidai wannan filin wasan DBA ke nema idan da sojoji masu milimita 15 za ka yi. De Bellis Antiquitatis ke nan, na Phil Barker da abokan aikinsa, tun 1990 yake, bugu na 3 ya fito a 2014. Kowace runduna gindi 12 ce, wato 'yan allunan da ake manna sojoji a kai, ba ƙari ba ragi, a kan kowane gindi mutum biyu zuwa huɗu galibi, ka ga duk rundunar ba ta cika kai mutum hamsin ba. Dayis ɗaya irin na lido kake jefawa a farkon zagayenka, abin da ya ba ka shi ne yawan motsin da za ka yi. Ranar da ya ba ka 1 alhali gefenka na hagu na rugujewa, nan za ka san ƙaramin fili ba ya rage zafin yaƙi. Wanda ya rasa gindi 4 kuma asararsa ta fi ta abokin karawarsa, an ci shi. Ba a cika kai awa ɗaya ba. Teburinka mai 90 da 60 ya ɗauke shi, har da sauran wurin ajiye dayis da kofin shayi. Aibinsa ɗaya zan gaya maka tsakani da Allah: Turancin littafin murɗaɗɗe ne, jimla ɗaya sai ka karanta sau uku. Ka samu wanda ya iya ya buga da kai sau biyu, ya fi maka karatun sati.

Wani abin da ya ƙara sa ni son sa, a cikin jerin rundunoninsa akwai ta Sudan ta Yamma, wato ƙasashenmu. Ita na fara haɗawa: 'yan lifidi a gaba, 'yan baka a baya. Na zauna ina zana wa dawakai lifidi ja da rawaya kamar na hawan sallah, a ranar na ji hannuna ya daina rawa. Duk rundunar a gwangwanin biskit ɗaya take kwana, na manna maganaɗisu a ƙasan kowane gindi don kar su yi karo da juna.

Amma ban san girman sojojinka ba, ba ka faɗa ba. In masu 28 ne irin nawa na farko, kar ka yi ƙoƙarin cusa babbar runduna a ƙaramin fili. Na gwada dabarar nan da ake yawan faɗa ta mayar da inci santimita, wato fili mai inci 72 da 48 ya koma santimita 72 da 48. Dabarar na aiki, amma sai da ƙananan sojoji masu milimita 6 ko 10. Da manya kuwa gindinsu kaɗai ya cinye filin, tun zagayen farko an gwabza, babu zagaye abokin gaba, babu ja da baya. Gara ka zaɓi mutum shida zuwa goma daga cikinsu ka koma faɗan 'yan tsiraru. Wasan Song of Blades and Heroes na Andrea Sfiligoi, na 2007, shi nake bugawa da waɗanda suka tsira daga ruftawar nan. Kowane soja lamba biyu gare shi kawai, ta ƙwazo da ta faɗa. Kai za ka zaɓi jefa masa dayis ɗaya, biyu ko uku, in biyu suka gaza zagayen ya koma hannun abokin karawarka. Da 'yan sanduna uku ake awo, gajere, matsakaici da dogo, ni da tsinken tsire na yanka nawa. Ga masu 28 an fi son santimita 90 kowane gefe, amma na sha bugawa a 90 da 60, sai dai in cika filin da katanga da bishiyoyi don kar 'yan baka su gama da kowa tun daga nesa.

Wasan Kill Team ma, na faɗan 'yan tsiraru, filinsa inci 30 da 22 ne, kusan santimita 76 da 56, zai hau teburinka. Ni dai ban bi ta nan ba, kuɗin sojojin da na gine-ginen da yake buƙata ya fi ƙarfina, ga wahalar shigo da su.

Na manta ban ce ba, ka nemi littafin One-Hour Wargames na Neil Thomas, na 2014, ko don labaran yaƙi 30 da ke ciki. Kowane ɓangare ba ya wuce rukuni 6, filinsa ƙafa 3 da 3, in ka rage kashi ɗaya cikin uku na kowane awo ya zauna a ƙafa 2. Wasu a gidan nan na cewa dokokinsa sun cika sauƙi, na yarda, amma labaran nan na tsare gada, ƙwace tudu, jinkirta abokan gaba, da kowace doka za ka iya buga su. Sannan akwai The Portable Wargame na Bob Cordery, na 2017, wanda ake yi a allo mai gida-gida, babu awo sam. Allon daraf da ake bugawa a bakin titi mai gida 10 da 10 ya wadatar. Wannan ya fi mini komai kwanciyar hankali, don babu mai miƙa hannu ya dafa tebur da sunan awo.

Kuma ko me za ka zaɓa, ka yi filinka a kan abu guda wanda ba shi da haɗi a tsakiya: tayil, ko allo mai kauri da bai fi faɗin teburin ba, ko yadi kawai. Kar gefensa ya zarce bakin tebur ko da taƙi ɗaya. In lokacin cin abinci ya yi, ka ɗauke shi ɗungurungum ka ɗora a kan wadirof, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sarkin yaƙin nan yana nan. Na yi wa dokin ƙafafu da waya da gam, na sake masa fenti, amma gefen fuskar bai gyaru ba, na bar shi haka. Shi ke jagorantar mutum bakwai ɗina duk daren Juma'a. Ka auna sojanka ɗaya daga tafin ƙafa zuwa ido ka turo mini, ka kuma faɗi ko na wane zamani ne, in gaya maka wanda za ka fara da shi. In a Kaduna kake ko kusa, ka zo da su a kwalinsu, ina da tayil biyu.