Amsa: me Yaƙin Duniya na Biyu ya canza a Damagaram?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yaƙin da aka yi a Turai, aka gama a 1945, ya taɓa talakan Damagaram da wani abu. Ya taɓa shi ƙwarai, amma sai ka raba doka da iko, don ba tare suka canza ba.

Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai bin Jamus, Najeriya kuma tana hannun Ingilishi. Hanyar Kano da fatakenmu suka dogara da ita ta zama iyakar abokan gaba. Tufa da gishirin kanti da kananzir suka yi wuya, ga lanho, wato haraji, ga hatsi da dabbobi da ake karɓa da ƙarfi, ga ɗibar samari soja.

Da aka gama, Faransa ta fito a raunane, bashin jinin Afirka a wuyanta. A farkon 1946 aka gama soke dokar da ta ba kumandan, wato Bafaranshen da ke mulkin yanki, damar ɗaure mutum ba shari'a. Ran 11 ga Afrilu dokar Hufuwet Buwanyi, wakilin Kodebuwa a majalisar Faransa, ta haramta aikin dole, ran 7 ga Mayu dokar Lamin Gey, wakilin Senegal, ta ce kowa ɗan ƙasar Faransa ne. Ga manomi, ta aikin dole ce babba: a da ana iya ɗauke shi tsakiyar damina a kai shi gyaran hanya, gonarsa ta mutu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙuri'a ba ta kai ga kowa ba, sai ma'aikata, sarakuna, mazan jiya da wasu ƴan kasuwa. Sai 1956 aka buɗe ta ga kowa. Haraji kuwa ta hannun sarki da mai gari yake bi kamar jiya, kumandan na bayansu. Jam'iyyar PPN da aka kafa a Nijar a 1946, wadda ta shiga RDA, ƙawancen jam'iyyun ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, ƙarfinta na wajen ƴan boko na yamma, alhali tun 1926 aka ɗauke babban birni daga Zinder, birnin Damagaram, zuwa Yamai. Gabas ke noman gyaɗar da ke kawo kuɗi, yamma ke riƙe da alƙalami. A ganina, wannan ne ya sa jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta samu gindin zama a nan wajen direbobi, ƴan dako da ƙananan ƴan kasuwa, masu jin abin da NEPU, jam'iyyar talakawa ta Malam Aminu Kano, ke faɗa a Kano. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, kan ko a ci gaba da zama tare da Faransa, Sawaba ta ce a'a, gwamnan Faransa ya ja sarakuna gefensa, "i" ta ci da kashi 78 cikin ɗari, yawancin masu rajista ma ba su fito ba. A 1959 aka haramta jam'iyyar.

Su kuwa sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, abin da aka yi musu yana da ciwo. A Tiyaroy kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan waɗanda suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35, masana tarihi da dama sun ce sun fi haka nesa. A 1959 aka daskare fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan 2006, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.