Tatsuniyar farkon Resident Evil Village ba ado ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tatsuniyar da Mia take karanta wa jaririyarta Rose a farkon wasan nan na Capcom na 2021 tana da alaƙa da sauran labarin. Wallahi tana da ita, kuma ni ta taɓa ni sosai.

Yarinya ta ɓata a daji, ta haɗu da dodanni huɗu. Jemage ya shayar da ita jininsa, masaƙi ya ba ta riga, sarkin kifi ya ciyar da ita. Su ne ke wakiltar manyan mugayen wasan: Dimitrescu mai shan jini, Donna mai 'yan tsana, da Moreau na cikin tafki. Dodo na huɗu kuwa, dokin ƙarfe, Heisenberg ne mai masana'anta.

Abin da ya tsaya mini shi ne na huɗun. Ukun farko ba ta aka yi, na dokin kuwa hannu ta sa ta ɗauka ba a miƙa mata ba, nan take mayya ta kulle ta a madubi. A shagon gem na ƙauyenmu kusa da Ringim na fara ganin wurin nan, janareta na ƙugi, sai muryar kakata ta faɗo mini, tana ba mu labarin 'yar mowa da kwaɗayi ya kai ta ya baro.

A ganina wasan juya tatsuniyar ya yi. Heisenberg ne ya miƙa wa Ethan, uban Rose, hannu su haɗa kai su yi amfani da Rose, uban ya ƙi karɓa.