Kwana biyar a Uzbekistan: Samarkand ko Bukhara?

Ɗan'uwa, ka ce kwana biyar kawai gare ka, kuma kana son ziyartar kabarin Imamul Bukhari, shin Samarkand za ka nufa ko Bukhara?

Kar sunan ya ruɗe ka. A Bukhara aka haifi Imam a shekarar 810, amma a ƙauyen Khartank ya rasu a 870, kuma can kabarinsa yake, tafiyar kamar kilomita 25 daga Samarkand. Saboda haka Samarkand dole ce.

Ka ba ta kwana biyu. Ka je dandalin Registan da sassafe, kafin jama'a su cika shi. Makarantu uku ne suka kewaye shi, mafi tsufa ita ce wadda Ulugh Beg ya gina daga 1417 zuwa 1420, sarkin da shi kansa masanin taurari ne. Sai makabartar Shah-i-Zinda, inda ake danganta wani kabari da Ƙusam ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW). Shuɗin tayil ɗin wurin sai wanda ya gani.

Amma ni Bukhara ta fi kwanta min a rai. Tsohon garin a ƙafa ake zaga shi, lungu-lungu. Hasumiyar Kalyan tana tsaye tun 1127, ta tsira daga ɓarnar mayaƙan Genghis Khan, sarkin Mongol, a 1220. Ka tsaya a gindinta da la'asar sakaliya.

Jirgin ƙasa na Afrosiyob yana haɗa garuruwan biyu cikin ƙasa da awa biyu, sai dai tikitinsa kan ƙare da wuri, ka saya ta intanet tun kafin ka tashi. Ka guji watan Yuli, zafinsa ba wasa. Afrilu ko Oktoba sun fi.